Neman Faifan Birki Mai Sauƙin Kuɗi Ga Tsohon Babur Honda CB750 A Kano

Asalin babur ɗin da yadda birkinsa yake

Babur ɗin da wannan nazari ya shafa Honda CB750 ne ƙirar 1974, mai silinda huɗu, wanda wani ma'aikaci a Kano ya gada daga mahaifinsa. Mahaifin ya saye shi na hannu a ƙarshen shekarun 1970, ya more shi shekaru masu yawa, sannan aka jingine shi a zaure aka lulluɓe da tamfol lokacin da ƙarfin hawansa ya ƙare. Da ɗan ya yi niyyar tayar da shi a farkon 2023, injin bai ba da wahalar da aka zata ba: an wanke kafireto huɗun, an sa sabon batir da fulogogi, an juye baƙin mai, ya tashi. Abin da ya ci shekara guda da ɗoriya shi ne faifan birkin gaba.

Kamfanin Honda ya fara nuna CB750 a baje kolin motoci na Tokyo a Oktoban 1968, ya shiga kasuwa a 1969, kuma yana cikin abin da ya yi suna da shi cewa ya zo da birkin faifai mai aiki da mai a ƙafar gaba, a lokacin da kusan duk baburan da ake sayarwa birkin ganga suke da shi gaba da baya. Faɗin faifan milimita 296 ne, kaurinsa yana sabo kimanin milimita 7, an yi shi da ƙarfe marar tsatsa, an ɗaure shi da ribit a kan wata mazauna ta alminiyam, ita kuma mazaunar an ɗaure ta a cibiyar wili da kusoshi shida. Ƙafar baya ta wannan ƙirar ganga ce, don haka mafi yawan aikin tsayar da babur mai nauyin sama da kilo 200 yana kan wannan faifai ɗaya tilo.

Kalifarsa ma, wato abin da ke matse faifan da layinin birki biyu, ɗaya ta kowace fuska, ta bambanta da ta baburan yanzu, kuma wannan bambancin zai taso daga baya. Fistin ɗaya gare ta, a gefen waje. An ɗaure ta a kan wani hannu na alminiyam mai lilo a kan sanda, sandar kuma a jikin shokazoba. Idan aka matse hannun birki, fistin ya tura layinin waje ya taɓa faifai, sai ƙarfin turin ya jawo hannun alminiyam ɗin nan ya karkata, layinin ciki shi ma ya kama ta ɗaya fuskar. Akwai wata kusa mai sifirin da ake saita tazarar layinin ciki da ita. Muddin hannun yana lilo sumul, fuskokin faifan biyu suna cin aiki daidai wa daida.

Maris 2023: alamun farko da awo

A hawan gwaji na farko a cikin unguwa, mai babur ya lura da abubuwa uku. Hannun birki yana harbawa a yatsunsa duk sanda ya matse shi, ana jin ƙarar gugar ƙarfe ko da bai taɓa birki ba, kuma bayan tafiyar 'yan mintuna faifan ya yi zafin da ba a iya ɗora masa hannu. Bakaniken da ke aikin, wani dattijo da ya koyi sana'a a kan baburan Japan tun ana yayinsu, ya kwance kalifa ya tarar layinin waje ya cinye ƙurmus, ya wuce jan layin da ake sa wa alama, har ƙarfen bayansa ya fara cin faifai. Layinin ciki kuwa da sauran namansa sosai. An ga wannan bambanci a ranar, amma hankali ya tafi kan faifai, domin shi ne lalacewarsa ta fi fitowa fili.

Aka kai wilin gaba wurin masu sassaƙar ƙarfe aka auna. A wurare takwas da aka sa ma'aunin kauri a kewayen faifan, mafi kauri ya ba da milimita 5.9, mafi siranta 5.4. Fuskar waje tana da kwaruruka masu zurfin da farce ke maƙalewa a ciki. Da aka kafa ma'auni mai fuskar agogo aka juya wilin a hankali, allurar ta yi lilo na milimita 0.6. Mai injin ya kuma nuna wasu siraran layuka na baƙin wuƙar inji a can kusa da ribit, inda layini ba ya kaiwa, alamar an taɓa fere faifan tun zamanin mahaifin. Wannan ya bayyana yadda ƙarfe mai tauri irin wannan ya yi asarar milimita ɗaya da rabi.

Shawarar farko ita ce a sake fere shi, domin ita ce mafi arha. Mai injin ya ƙi. Ya ce, "Alhaji, wannan ba shi da sauran nama, kafin in fitar da kwarurukan nan ya koma ƙasa da biyar." Faifan da ya sirance ba ya iya ɗaukar zafi, yana saurin lanƙwasa, kuma fistin sai ya fito fiye da yadda aka tsara kafin ya kama. A nan ne mai babur da bakanikensa suka sa wa kansu iyaka biyu da suka yi aiki da su har ƙarshe: ba za a ɗaura faifan da kaurinsa ya gaza milimita 6 ba, kuma lilonsa bayan ɗaurawa kada ya wuce 0.3.

Afrilu zuwa Mayu 2023: zagayen kasuwa

An fara da 'yan kayan babura na Fagge. Kasuwar cike take da kayan Bajaj Boxer da Jincheng da Lifan da Haojue da na Adaidaita Sahu, wato abin da ke kan titi, kuma mafi yawansu birkin ganga ne. 'Yan faifan da ke akwai na ƙananan babura ne, sirara, faɗinsu bai kai ko kusa da 296 ba, ramukan kusoshinsu ma daban. A Ƙofar Ruwa an sami faifan motoci iri-iri, wani ɗan kasuwa har ya ba da shawarar a fere na ƙaramar mota a mayar da shi na babur. Ba a bi wannan ba, domin faifan mota ƙarfen zubi ne mai kauri da nauyi, an zuba shi haɗe da mazaunarsa, kuma idan aka fere ƙarfen zubi ya koma milimita 7 a wannan faɗi, tsagewa ba ta yi masa nisa ba.

Wani dillali ya aika da hoto da awo ga abokin cinikinsa a Nnewi ta jihar Anambra, inda babbar kasuwar kayan babura take. Bayan mako biyu aka turo faifai ta tasha, da tabbacin cewa na Honda mai silinda huɗu ne na wancan zamani. Ba ƙarya aka yi ba. Na CB550 ne, ƙanen CB750, kuma a ido kusan ba a bambanta su: irin ƙarfen ɗaya, irin mazaunar ɗaya, irin ribit ɗin ɗaya. Da aka ɗora shi a kan tsohon sai bambancin ya fito, domin faɗinsa 276 ne, ya gaza da milimita 20. Ma'anar wannan ita ce bakin faifan zai ja baya da milimita 10 daga inda kalifa ke jiransa, sashen layini ya riƙa kama iska, sauran ya cinye ya bar tudu a gefe, har wata rana tudun layinin biyu su haɗu da juna kafin su matse faifan. Ana iya sauya hannun kalifa don ya dace da ƙaramin faifai, amma wannan rage ƙarfin birki ne a kan babur mai nauyi. Aka mayar da shi. Kuɗin kaya ya dawo, kuɗin mota zuwa da dawowa da na dillali bai dawo ba.

Yuni zuwa Agusta 2023: sabon faifai daga waje

Sabon faifan CB750 bai ɓace daga duniya ba. Kamfanoni irin su EBC na Ingila suna ƙera faifan maye gurbi na tsofaffin babura, akwai kuma dillalan da suka ƙware a kayan tsofaffin Honda, kamar David Silver Spares a Ingila da CMSNL a Holan. Mai babur ya riga ya duba farashi a intanet tun watan Mayu, ya lissafa kuɗin faifan da na jirgi da na kwastan, ya ga abin ya yi masa nauyi amma zai iya idan ya tara na wata biyu ko uku.

A tsakiyar Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin kwanaki, makonni kaɗan bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu. Kuɗin kwastan ma ya tashi, tunda da farashin dala ake lissafa shi. Ga shi kuma faifai kaya ne mai nauyi, fiye da kilo 2 kafin a naɗe shi, don haka kuɗin aiko shi ta jirgi kaɗai ya kusa kamo rabin kuɗin sayensa. A lokacin katunan naira na yawancin bankuna ba sa biyan kuɗi a shafukan waje, sai an nemi mai asusun dala an biya shi a farashin kasuwa. Abin da aka tara a watan Agusta bai kai inda lissafin Mayu ya tsaya ba, balle sabon lissafi. Aka jingine wannan hanya.

Satumba zuwa Nuwamba 2023: faifan da aka yanka a gida

Daga nan ne aka koma ga maƙera. Wani abokin mai babur ya ba da labarin irin abin da ake ƙerawa a Panteka ta Kaduna, inda ake zuba tukwane ana haɗa injin niƙa da kayan gyaran da suka ɓace a kasuwa, ya ce abin da ake yi a can akwai masu yin irinsa a Kano. Aka sami wani mai walda da ke aiki tare da mai injin sassaƙa, suka ce za su yanka sabon zobe su ɗaura a kan tsohuwar mazauna.

Aikin ya tafi kamar haka. An huda ribit ɗin tsohon faifai aka raba zoben ƙarfen da mazaunarsa. An samo farantin baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 8, irin wanda ake yin tankuna da manyan ƙofofi da shi, aka yanka zobe da wutar gas, aka ɗora a inji aka gyara bakinsa na ciki da na waje, aka fere fuskokin biyu zuwa milimita 7. Aka yi amfani da tsohon zoben wajen sa alamar ramuka, aka ɗaure sabon da kusoshi da noti maimakon ribit. Duka kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabon faifan waje ba. A ranar ɗaurawa lilonsa ya tsaya a 0.25, cikin iyaka, kuma da sabon layini birkin ya kama fiye da yadda mai babur ya taɓa ji. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin layini yana riƙe baƙin ƙarfe fiye da yadda yake riƙe ƙarfe marar tsatsa mai santsi.

Makonni biyu na farko lafiya lau, sai dai tsatsa. Ƙarshen damina ne, kuma duk daren da aka yi ruwa ko raɓa ta sauka, da safe faifan ya yi ja, sai an ɗan yi tafiya layini ya share shi. Wannan kaɗai ba laifi ba ne babba. A mako na uku harbin ya dawo. A wata tafiya zuwa Wudil, kimanin kilomita 40 daga Kano, faifan ya yi zafin da ya sauya launi, fuskarsa ta waje ta yi shuɗi-shuɗi a wurare biyu masu fuskantar juna. Da aka dawo aka auna, lilon ya kai 0.8. Aka kwance aka sake fere shi zuwa 6.4, ya daidaita, bayan kwana goma ya sake lanƙwasa.

Mai injin ya yi bayanin abin da ya gani. Farantin da aka murza a masana'anta sannan aka yanka da wuta yana riƙe da ɗauri a cikinsa, domin bakin da wuta ta bi ya yi zafi ya huce da sauri, sauran jikin bai yi ba. Fira tana daidaita fuska ne kawai, ba ta sakin wannan ɗauri. Zafin birki ne ke sakinsa a hankali, kuma duk sanda ya saki, ƙarfen ya motsa. Masu ƙera faifai na gaskiya suna zaɓar ƙarfe na musamman, su gasa shi a murhu a ƙayyadadden zafi, sannan su goge shi. Bayanin daidai ne, amma bai amsa wata tambaya ba: me ya sa faifan yake yin wannan zafi haka a kan titin Wudil, hanyar da ba gangara gare ta ba, kuma mai babur bai cika taɓa birki ba? Kuma me ya sa fuskar waje kaɗai ta ƙone?

Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: komawa kan kalifa

Bakaniken ya ɗaga gaban babur a kan katako, ya matse birki ya saki, ya juya wilin da hannu. Wilin bai yi ko zagaye ɗaya ba ya tsaya. Ya sassauta ɗan bututun fitar da iska na kalifa, mai ya tsarto, wilin ya ɗan saki amma bai saki duka ba. Wannan gwaji na minti ɗaya ya nuna cewa matsala biyu ce ko fiye: akwai matsin mai da ke maƙalewa a cikin tiyo bayan an saki birki, akwai kuma wani abu da ya cije a kalifar kanta.

Aka kwance komai tun daga masta, wato famfon da ke jikin hannun birki mai tura mai zuwa kalifa, har ƙasa. A ƙasan kofin masta akwai ramuka biyu, ɗaya babba, ɗaya ƙanƙane kamar bakin allura, wanda ta nan mai ke komawa idan aka saki birki ko kuma idan zafi ya sa ya kumbura. Ƙaramin ya toshe da busasshen tsohon mai. Man birki irin DOT 3 yana shan ruwa daga iska, kuma wanda ya kwana shekaru a cikin babur yakan koma laka mai ruwan ƙasa. A watan Maris an zuba sabon mai an fitar da iska, amma ba a kwance masta ba. Da siririyar waya aka buɗe ramin. A kalifa, fistin mai faɗin milimita 38 ya yi ramuka-ramuka na tsatsa a inda robar ke zama, kuma cikin kwarin da robar ke kwanciya ya tara farin gari na ruɓewar alminiyam, wanda ya tura robar ta shaƙe fistin. Wannan roba ita ce ke ɗan jawo fistin baya idan an saki birki, don haka idan ta shaƙe, layini ba ya barin faifai.

Na uku shi ne hannun lilo. Da aka cire kalifa aka kama hannun da hannu biyu, ko motsi bai yi ba. Sandar ƙarfen ta manne da alminiyam, tsohon giris da ƙurar hunturu sun zama kamar siminti. Sai da aka jiƙa shi da kananzir kwana biyu, aka ɗan gasa alminiyam ɗin da wuta, sannan sandar ta fito da bugun guduma ta bayan katako. Wannan ne ya fassara abin da aka gani tun ranar farko. Tunda hannun ba ya karkata, layinin ciki ba ya zuwa ya tarbi faifai, sai fistin ya tura faifan gefe shi kaɗai har ya lanƙwasa ya kai ga layinin ciki. Fuska ɗaya ke cin guga da zafi, kuma ana tanƙwara faifan a kowane taka birki.

An goge sandar da takardar yashi mai laushi aka sa mata giris, an kankare kwarin robar tas, an sa sabuwar roba da kayan cikin masta. Waɗannan ƙananan kaya ne marasa nauyi, wani ɗan'uwan mai babur da ke karatu a Ingila ya saya ya ba wa mai zuwa hutun ƙarshen shekara ya taho da su a aljihun jaka. Fistin kuwa mai injin ya sassaƙa sabo daga sandar ƙarfe marar tsatsa, ya goge shi har ya yi sheƙi, yana kwaikwayon awon tsohon. An kuma sauya tiyon roba, wanda ya shekara kusan hamsin. Bayan haɗawa, wilin ya riƙa juyawa sau da yawa da turi ɗaya. Faifai ne dai har yanzu babu.

Fabrairu zuwa Afrilu 2024: tsohon faifai na asali

A Fabrairun 2024 dala ta kai wajen naira 1,500, maganar sabon faifai ta ƙara nisa. Ɗan'uwan nan na Ingila ne ya lura da wani abu sa'ad da yake neman robar kalifa a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet: tsofaffin faifan CB750 na asali suna da yawa, kuma farashinsu ƙasa yake ƙwarai da na sababbi. Dalili biyu ne. Honda ta sayar da wannan babur da yawan gaske a Amurka da Turai tsakanin 1969 da 1978. Sannan masu gyara shi a can don ado ko gudu suna ganin faifan asali ya yi nauyi, sai su cire su sa sirara masu huji, su sayar da tsohon. Ƙarfen kuma yana da taurin da idan birki na aiki daidai, yakan shekara da yawa bai ci wani abin kirki ba. Wato abin da ake nema ruwa a jallo a Kano, a can tarkace ne a gareji.

Darasin Nnewi ya yi amfani a nan. Kafin a biya ko kwabo, an rubuta wa masu sayarwa buƙatu ƙayyadaddu: hoton faifan da tef a kansa yana nuna faɗi, hoton ma'aunin kauri a wurare huɗu a tsakiyar inda layini ke bi, ba a baki ba, domin baki yakan bar tudu ya ruɗi awo, da hoton mazaunar gaba da baya don a ga ribit da ramuka shida. Wasu ba su amsa ba. Wani ya turo awon 6.2, aka bar shi, domin bayan guga zai faɗa ƙasa da iyaka. Wanda aka saya ya nuna 6.8 zuwa 6.9, fuskarsa ta yi ƙyalli da 'yan siraran layuka, babu kwari mai zurfi, babu alamar ƙuna. Aka kai shi gidan ɗan'uwan da kuɗin aike na cikin gida, ya zauna makonni har aka sami mai tahowa hutun Ƙaramar Sallah a watan Afrilu ya sako shi a akwati.

A Kano ba a kai shi injin sassaƙa ba. Ƙarfe marar tsatsa yana ƙara tauri a ƙarƙashin wuƙa, kuma faifai mai faɗi siriri yana rawa a kan inji ya bar fuska mai kunya-kunya. An kai shi wurin masu gyaran injin mota, waɗanda ke da injin dutse mai goge fulawil da kan silinda, ruwa na zuba a kai don kada ya yi zafi. An cire kimanin milimita 0.1 a kowace fuska, ya tsaya a 6.6, fuskar ta fito da zane mai gicciye wanda layini ke saurin zama a kai.

Awon farko bayan ɗaurawa ya ba da 0.35, sama da iyaka, abin da ya tayar da hankali na ɗan lokaci. Aka sake kwancewa. A fuskar cibiyar wili, inda mazauna ke kwanciya, akwai ɓawon datti da ruɓewa, kuma ɗan tudu kaɗan a kusa da tsakiya yana ninkuwa kafin ya kai bakin faifai. An kankare ta, an sauya boris biyu na wilin da suka fara wasa, an ɗaure kusoshi shida a hankali ana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa. Allura ta tsaya a 0.1. Aka sa sabon layini, aka saita kusar tazara, mai babur ya yi kwanaki yana taka birki a hankali daga matsakaicin gudu, yana barin faifan ya huce tsakani, kafin ya fara matse shi da ƙarfi.

Daminar 2024

An sake awo a watan Yuli da kuma Oktoba. Kauri bai sauya ba gwargwadon abin da ma'auni ke iya nunawa, lilo yana nan a 0.1, layinin biyu suna cinyewa daidai. A wata tafiyar Wudil da aka maimaita, faifan ya yi ɗumi kawai. Abin da ya rage shi ne halin wannan birki da aka san shi da shi tun 1969: idan ruwa ya jiƙa faifan, matsawar farko ba ta kamawa nan take sai layini ya share ruwan. Bakaniken ya kawo shawarar a huda faifan kamar yadda ake yi a waje. Mai babur bai yarda ba, saboda hujin da ba a raba shi daidai ba yana ɓata daidaiton wili kuma yana iya zama mafarin tsagewa, ga shi ba shi da faifai na biyu. Ya zaɓi ya riƙa ɗan taɓa birki lokaci-lokaci idan yana tafiya cikin ruwa.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Idan aka haɗa kuɗin faifan hannu da guga da boris, bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da sabon faifai zai ci ya iso Kano a lokacin ba. Amma wannan arha tana da sharaɗi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba: ta dogara ga samun ɗan'uwa a waje da matafiyi mai sarari a akwati. Wanda ba shi da wannan, kuɗin jirgi da kwastan za su cinye mafi yawan ribar, ko da yake faifan hannu zai ci gaba da zama ƙasa da sabo. Haka kuma dabarar ta yi aiki ne saboda CB750 babur ne da aka yi da yawa. Mai babur ɗin da ba a ƙera da yawa ba ba zai tarar da kasuwa a cike haka ba.

Faifan Nnewi ya faɗi ne saboda an yi oda da suna da hoto, alhali awon faɗi ɗaya a waya ya isa ya hana a turo shi. Faifan gida kuwa hukuncinsa ya fi wuya, domin ba a gwada shi da adalci ba: an ɗaura shi a ƙarƙashin kalifar da ke riƙe shi dare da rana, kuma da sabon faifan Ingila aka sa a wannan wuri, shi ma da ya ƙone, a yi asarar kuɗi mai yawa. Duk da haka, ko da kalifa lafiyayya, ban ga hujjar amincewa da farantin da ba a san irin ƙarfensa ba, ba a gasa shi ba, aka ɗaure shi da kusoshin kasuwa, a kan birki ɗaya tilo na gaban babur mai wannan nauyi. Ƙwarewar mai injin ba ita ce matsala ba, fistin ɗin da ya sassaƙa yana aiki har yanzu. Bambancin shi ne fistin awo da santsi yake buƙata, waɗanda injinsa ke iya bayarwa, faifai kuwa yana buƙatar murhu da sanin ƙarfe, waɗanda babu su a shagon.

Kuskure mafi tsada shi ne na watan Maris. Layini ɗaya cinyayye, ɗaya da namansa, da faifai mai zafi ba tare da an taka birki ba, duka suna nuna kalifa, kuma ɗaga wili a juya shi da hannu bai fi minti ɗaya ba. Tsohon faifan dai ya riga ya mutu, dole a sauya shi, amma da an gyara masta da fistin da hannun lilo tun farko, da an san girman aikin, da ba a huda ribit ɗin mazauna ta asali ba. Wannan mazauna yanzu ramukanta sun buɗe saboda kusoshi, ba za ta sake ɗaukar ribit daidai ba, don haka idan wata rana aka buƙaci wani faifan, sai an nemo shi haɗe da tasa mazaunar.